Man kaɗe, man kwakwa, man zaitun ko zuma: wanne ya fi riƙe danshi a fatar da ta fara manyanta?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, koke ɗaya ake ji a bakin matan da suka haura shekara 45. An shafa mai da safe, amma kafin azahar ƙwauri ya yi furu-furu, bayan hannu ya yamushe, idan aka ja farce a kan fata sai ya bar farin layi. Da daddare kuma ƙaiƙayi ya hana barci, musamman a gadon baya da ƙafafu. Sai a shiga neman mafita: mai kanti ya ce man argan, maƙwabciya ta ce man kwakwa, a waya kuwa kowace mai sayar da kayan gyaran jiki nata haɗin ne gangariya. Kuɗi su tafi, kwalabe su cika gaban madubi, fata tana nan yadda take.

Ga abin da na tsaya a kai, kafin in kawo dalilai. Ga jikin da ya fara manyanta a busasshiyar ƙasa irin tamu, babu man itacen da ya kai man kaɗe riƙe danshi na tsawon yini, da sharaɗin a shafa shi a kan fata mai lema, a kuma sa gilisarin, wani ruwa mai danƙo da ake samu a kemis, a ƙarƙashinsa. Sauran mayukan kowanne da gurbinsa. Wasu sun fi dacewa da fuska, wasu da lokacin zafi, akwai kuma wanda muke ganin girmansa ƙwarai amma bai karɓi kowace fata ba.

Sai an san abin da ya lalace kafin a san abin da za a saya. Shimfiɗar da ke saman fata, wadda kaurinta bai kai na takarda ba, tamkar katangar tubali take: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne ƙasar da ta haɗa su. Kusan rabin wannan maiƙo wani abu ne da ake kira siramayid, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kolestarol, sauran kuma asid-asid na kitse. Muddin ƙasar tana nan daram, ruwan jiki ba ya samun hanyar fita da yawa. Shekaru suna rage ta. Ga mace kuma abin yakan zo a lokaci guda bayan ɗaukewar al'ada, saboda raguwar istirojin, sinadarin jikin mace: fata takan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin ɗinta, wato sinadarin da ke ba ta kauri da ƙarfi, a shekaru biyar na farko, daga nan kimanin kashi 2 cikin 100 kowace shekara, maiƙon da fata ke fitarwa da kanta ma ya ja baya. Maza sukan jima kafin nasu maiƙon ya ragu, shi ya sa za a ga Alhaji da Hajiya gida ɗaya, sabulu ɗaya, ita tana kuka da bushewa shi ko a jikinsa.

A ɗora hunturu a kan wannan. A Kano ko Damagaram, danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana a watannin Janairu da Fabrairu. Ga wanka da ruwan zafi ƙwal saboda sanyi, ga sabulu mai kaifi, ga dirza da soso, ga alwala sau biyar wadda ke jiƙa fuska da hannu da ƙafa su sake bushewa a iska. Kowanne yana ɗebe wani abu daga maiƙon da dama bai wadata ba.

Kayan shafawa aiki uku suke yi. Akwai masu jawo ruwa su riƙe shi a saman fata. Akwai masu shiga tsakanin saɓar fata su tausasa ta. Akwai kuma masu rufewa, su hana ruwan tsiyayewa cikin iska. Mai, kowane iri ne, ba shi da ruwa a cikinsa. Idan aka shafa shi a busasshen jiki, za a ga ƙyalli, za a ji santsi, amma ƙishin yana nan a ƙarƙashi. Wannan shi ne dalilin da ya sa mata da yawa suke cewa man kaɗe bai yi musu ba, alhali lokacin shafawar ne ya saɓa.

A cikin masu jawo ruwa, gilisarin ne gaba, kuma shi ne mafi araha. Daga kitsen tsirrai ko na dabbobi ake samunsa, yakan fito ne a wajen haɗa sabulu, kuma fatar mutum ma tana da nata. Ana samunsa a kusan kowane kemis cikin 'yar ƙaramar kwalba. Illarsa ɗaya ce: idan aka lafta shi zalla yana danƙo, ƙura ta manne, wani lokaci har ya yi ɗan zafi a wurin da ya tsage. Ɗigo uku ko huɗu a jiƙaƙƙen tafin hannu sun isa ƙafa guda. A murza, a shafa, sai a bi da mai nan take. A riƙa sa shi a tafin hannu duk lokacin da za a yi amfani da shi, kada a cika kwalba da ruwa da gilisarin a ajiye wata guda, domin duk haɗin gida da ruwa ya shiga, ba tare da maganin hana lalacewa ba, wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne ko da ido bai gani ba.

Zuma ita ma tana jan ruwa, tana kuma da daɗin aiki a fuska: a shafa 'yar kaɗan a fuska mai lema, a bar ta minti goma zuwa sha biyar, a wanke da ruwan ɗumi. Fuska takan yi laushi a ranar. Sai dai abin da aka wanke ba ya yini a jiki, kuma ba wanda zai fita unguwa da zuma a ƙwauri. Don haka gurbinta sau ɗaya ko biyu a mako. Alobera kuwa, dangin kabar giwa, kusan kashi 99 cikin 100 na majinar cikinta ruwa ne. Tana sanyaya fata bayan rana ta doke ta, amma ita kaɗai takan bushe ta bar fatar a ɗaure. Mai yanko ganyen a gida ta jingine shi tukuna ruwan ɗorawar nan mai ɗaci ya tsiyaye, domin shi ke sa ƙaiƙayi. Akwai kuma hayaluronik asid da ake ta tallarsa a ƙananan kwalabe masu tsada. Abu ne na gaske, fata ma tana da shi, amma a iskar hunturu dole shi ma a rufe shi da mai, kuma abin da zai yi wa ƙwauri da hannu gilisarin zai yi a kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Yanzu sai man kaɗe, wanda ya cancanci a tsaya a kansa.

Kaɗanya itaciyar dajinmu ce, tana fitowa a tsirin ƙasar da ya taso daga Senegal ya ratsa Mali da Burkina Faso da arewacin Ghana da Najeriya, ya bi ta Chadi har Sudan ta Kudu da Uganda. Najeriya ce kan gaba wajen yawan 'ya'yanta, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna. Itaciyar takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Aikin kuwa na mata ne tun daga farko har ƙarshe. Da faɗuwar damina su fita da sassafe su tsinto, a cinye naman ko a cire shi, a tafasa ƙwallon a shanya, a fasa a fitar da ƙwayar, a daka, a soya, a niƙa ta koma baƙin ƙulli mai kauri. Daga nan sai aikin da ke cin ƙarfi: a zauna gaban babban kwano ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana bugawa da hannu, har farin kumfa mai maiƙo ya taso ya rabu da dusar. Shi ake kwashewa a tafasa, a tace, a bari ya daskare. Mafi yawan kaɗen da ake fitarwa ƙasashen waje ma ba shafawa ake yi ba, masana'antun cakulan ne ke saye.

Abin da ya ba shi fifiko a hunturu shi ne yanayin kitsensa. Asid biyu ne suka mamaye shi, sitiyarik da oleyik, su biyun sun kai kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100. Sitiyarik ne ke sa shi daskarewa, oleyik kuma ke sa shi narkewa da ɗumin tafin hannu. Sakamakon haka yakan kwanta a kan fata ya yi rufi mai jimawa, ba ya ɓacewa cikin sa'a guda yadda mayuka masu ruwa-ruwa suke yi. Sannan yana ɗauke da wani kaso na sinadarai da ba sa zama sabulu ko an dafa su da toka, wanda a yawancin mayukan girki bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, a man kaɗe kuwa ya ninka haka sau da yawa. A cikin wannan kason ne ake samun bitamin E da sinadaran da gwajin ɗakin bincike ya nuna suna rage kumburi. Fatar da ke ja tana ƙaiƙayi saboda bushewa tana jin daɗinsa.

Yana da nasa matsalolin, kuma su ne ke korar mutane. Na farko wari: man kaɗe na gargajiya yana da ƙaurin hayaƙi, wani har da ɗan gafi. Na biyu nauyi: a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zufa ke tsiyaya, yakan zama kaya a jiki, ga mai ƙurajen zafi ma ya ƙara mata. Na uku tauri, domin da asubar hunturu sai an sha murza kafin ya saki. Wanda aka tace a masana'anta, fari ƙal marar wari, ya magance matsalar farko, kuma har yanzu yana rufe fata yadda ya kamata, sai dai tacewar tana rage wani abu daga sinadaran nan masu amfani. Wadda warin ke hana ta shafawa gaba ɗaya, gara ta sayi tataccen ta riƙa shafawa kullum da ta ajiye ɗanyen a ƙarƙashin gado.

Kada kuma a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ƙananan layukan da bushewa ke jawowa sukan lafa idan fata ta sha ruwa, amma tamojin da ya zauna ba man da zai goge shi. Kariyarsa daga rana ma ƙarama ce ƙwarai.

Man kwakwa shi ne babban abokin takararsa a kasuwa yanzu. Ya fi shi sauƙi, ya fi shi ƙamshi, ya fi shi saurin shiga jiki. Kusan rabinsa lorik asid ne, wanda ke da ƙarfin rage wasu ƙwayoyin cuta a fata. Yana ma cikin 'yan mayukan da aka gwada a kan mutane: a 2004 an yi wani gwaji a ƙasar Filifin da mutum 34 masu bushewar fata, aka riƙa shafa musu a ƙafa sau biyu a rana na mako biyu, aka samu ya yi kafaɗa da kafaɗa da man ma'adinai, wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur ana sawa a mayukan kanti. Sakamako ne mai kyau. Amma Filifin ƙasa ce mai danshi, kuma bushewar da aka gwada ba mai tsanani ba ce. A Sakkwato cikin Janairu, a ƙwaurin mace 'yar shekara 60, man kwakwa shi kaɗai yakan gaza kafin la'asar. A ganina gurbinsa damina da bazara, da kuma matasan jiki. A fuska kuwa, mai saurin fitar da ƙuraje ta yi hankali da shi, domin yana toshe ƙofofin gashi ga mutane da dama. A sani kuma yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da maki 24 a ma'aunin Salshiyos, saboda haka ganin ya yi fari ya sandare a kwalba ba alamar lalacewa ba ne. Wanda aka ce zalla ne amma bai daskare ba a tsakiyar hunturu, shi ne abin tuhuma.

Man zaitun sai an yi magana a kansa da natsuwa. Itace ne mai albarka, Alƙur'ani ya ambace shi, akwai kuma hadisin da ya kwaɗaitar da cinsa da shafa shi, kuma kusan kowane gida akwai kwalbarsa da aka sayo a kantin magungunan Musulunci ko aka zo da ita tsaraba daga Makka. Mai lafiyayyar fata da ke shafa shi tana jin daɗinsa, ta ci gaba. Amma ga fatar da ta riga ta tsage, tana saɓa, tana ja, akwai abin lura. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield da ke Ingila sun sa manya 19 suna shafa ɗigo shida na man zaitun a damtsen hannu sau biyu a rana na kimanin wata guda. Sun tarar katangar fatar ta yi rauni, ta kuma yi ɗan ja, har ga waɗanda ba su da tarihin ciwon fata. Man sanfulawa, wato na 'ya'yan furen nan mai bin rana, da aka shafa wa wasu daga cikinsu a ɗaya hannun bai yi wannan illa ba, ya ma ƙara danshi. Ana danganta bambancin da irin kitsen: man zaitun galibinsa oleyik ne, wanda ke kutsawa tsakanin maiƙon fata ya sassauta shi, man sanfulawa kuma ya fi yawan linoleyik, wanda fata ke buƙata wajen gina nata siramayid ɗin.

Mai karatu za ta iya cewa, ai man kaɗe ma akwai oleyik. Haka ne, amma nasa a haɗe yake da sitiyarik mai yawa mai daskarewa, wanda ke tsayar da shi a sama. Shawarata ga mai son man zaitun kuma fatarta ta bushe sosai ita ce ta mayar da shi ƙaramin kaso a cikin man kaɗe, ta bar shafa shi zalla a wurin da ya tsage. Mai ƙyasbi ko amosanin ka kuwa ta nisanta shi da wurin, domin ƙwayar da ke haddasa su da maiƙo take rayuwa, har ma da man zaitun ake ciyar da ita idan ana rainonta a ɗakin gwaji.

Akwai mayuka uku na gida da ba a cika ba su haƙƙinsu ba. Man riɗi shi na fi so a cikinsu. Oleyik da linoleyik ɗinsa kusan daidai suke, kowanne wajen kashi 40 cikin 100, yana kuma da sinadaran da ke hana shi saurin lalacewa. Riɗi kuwa muna da shi a yalwace, daga Jigawa zuwa Nasarawa da Binuwai, kasuwar Maigatari ma ta shahara da shi. A nemi wanda aka matse ba tare da an soya ba, domin soyayyen ƙamshinsa na girki ne. Man kuka, wanda ake matsewa daga guntsu, shi ma rabonsa mai kyau ne, oleyik wajen kashi ɗaya cikin uku, linoleyik ma kusan haka, ba shi da nauyi, yana shiga fata da sauri. Ya dace da fuska da wuya, sai dai tsada da wuyar samun na gaskiya. Man zogale yana da santsi mai daɗi kuma yana jimawa bai lalace ba, amma wajen kashi 70 cikin 100 nasa oleyik ne, don haka abin da aka faɗa kan zaitun ya shafe shi. Man gyaɗa da man shanu, waɗanda kakanninmu suka shafa, suna tausasa jiki, sai dai saurin yin gafi da wari a tufafi, kuma bai kamata a shafa man gyaɗa a tsagaggiyar fatar ƙaramin yaro ba saboda gudun jawo masa rashin jituwa da gyaɗa.

Na waje kuwa, man argan daga kudu maso yammacin Maroko yake, mai ne mai kyau, rabon kitsensa bai yi nisa da na riɗi ba. Man johoba daga hamadar da ke tsakanin Amurka da Meziko yake, asalinsa kaki ne mai ruwa-ruwa da ya yi kama da maiƙon fatar mutum, shi ya sa fuska mai ƙuraje ke jure shi. Mai hali ta saya don fuska. Amma sayen 'yar kwalbar argan don shafe jiki gaba ɗaya asarar kuɗi ce, ga kuma jabu da ya cika kasuwa.

Ba za a yi adalci ba idan aka tsallake basilin, duk da cewa daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Tun 1872 aka yi masa rajista a Amurka, kuma har yau babu abin da ya kai shi rufewa: yana iya tare kusan kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita ta fata, abin da babu man itacen da ke yi. Bai cika jawo ƙaiƙayi ko rashin jituwa ba. Ba ya ƙara wa fata wani sinadari, rufewa kawai ya iya, amma ga leɓen da ya fashe ko diddigen da ke jini, wannan rufewar ake nema. Wadda ta fi son abin da ya fito daga itace da ƙudan zuma, ta narka ɗan kakin zuma cikin man kaɗe, zai ƙara masa ƙarfin rufi.

To, ta yaya za a zaɓa? Ga jiki a hunturu: a narka man kaɗe cokali uku a kwanon da aka ɗora kan ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, a zuba man riɗi cokali ɗaya, a juya, a sa a wuri mai sanyi ya daskare da sauri. Man riɗin zai sassauta taurinsa ya kuma ƙara masa linoleyik. A yi wanka da ruwan ɗumi, a taƙaita, a sa sabulu a hammata da matsematsi da ƙafa, a daina dirzar ƙwauri da soso kullum. A ɗan dafa jiki da tawul, kada a goge shi ƙarƙaf. Tun jiki na da lema a bi da gilisarin, a bi da man. Idan zafi ya shigo a juya rabon, man riɗi ko na kwakwa ya fi yawa, ko a bar man kaɗen sai dare.

Ga fuska, ɗigo biyu ko uku na man kuka ko riɗi ko johoba a kan lema sun wadatar da rana. Da daddare, fuskar da ba ta ƙuraje za ta ɗauki man kaɗe gwargwadon ƙwayar wake. Hannu kuwa ya fi ko'ina wahala saboda wanki da wanke-wanke da alwala, don haka a ajiye ɗan ƙaramin gwangwani kusa da buta, a shafa kaɗan bayan kowace alwala. Malamai sun bambanta maiƙon da ya shige fata da abin da ke da kauri har ya hana ruwa isa gare ta, saboda haka shafi mai kauri a bar shi sai bayan sallar isha'i.

Kaushi da faso suna buƙatar abin da ya fi mai. Fatar diddige ta yi kauri, sai an sassauta ta tukuna. A nan man shafawa mai yuriya ya fi duk abin da aka lissafa: mai kashi 5 zuwa 10 cikin 100 don bushewar jiki, mai kashi 20 zuwa sama don diddige. Yuriya tana cikin abubuwan da fata ke riƙe ruwa da su tun asali. Na kemis ake nufi, takin gona ba ya shiga wannan magana ko kusa. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goge da dutsen kaushi a hankali, a shafa, a bi da man kaɗe ko basilin, a sa safa a kwanta. Ga iyayenmu tsofaffi safar dole ce, domin tafin ƙafa mai maiƙo a kan tayil ko simintin banɗaki yana kayar da mutum, karayar ƙugu kuma a wannan shekaru babbar musiba ce. Haka nan zanen da ya sha mai yana saurin kama wuta, don haka Inna ko Baba da ke jin ɗumi a gaban kaskon garwashi su ɗan ja baya, a kuma riƙa wanke kayan barcinsu akai-akai.

Akwai abubuwan da ke rushe duk wannan ƙoƙari. Babbansu man bilicin. Yawancinsu na ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, kuma babu man kaɗen da zai gyara fatar da ake ci gaba da ɓatawa kowane dare. Sai lemun tsami da ake matsawa a haɗin fuska, wanda kaifinsa ya fi ƙarfin busasshiyar fata. Sabulun salo yana wanke jiki tas, amma shi ma sabulu ne mai kaifi, a rage shi a hunturu. Dilka da halawa na gyaran amare suna da lokacinsu, fatar da ta manyanta ba ta son yawan gurza. Sai turare: al'adarmu ce a zuba humra ko wani turare a man shafawa, alhali ƙamshi na cikin abubuwan da suka fi jawo ƙaiƙayi da borin fata. Turaren ya tafi kan tufafi, man ya zauna shi kaɗai.

Idan an yi duk wannan na mako uku ko huɗu ƙaiƙayi bai lafa ba, ko yana tare da rama, yawan fitsari, kumburin ƙafa ko kasala, a je asibiti. Ciwon suga, ciwon ƙoda, ciwon hanta da raunin ƙwayar tayirod ta maƙogwaro duk suna iya fitowa ta fata, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma suna busar da jiki. Mai ciwon suga kada ta sa mai a tsakanin yatsun ƙafa, kada ta yanke kaushi da reza, kuma ko ƙaramin faso ta nuna wa likita.

Wajen saye, man kaɗe mai kyau launinsa tsakanin fari da ruwan madara yake, wani da ɗan duhu-duhu. Mai ruwan ɗorawa sosai galibi rina shi aka yi da saiwar itace ko manja, wannan ba ya nuna ya fi kyau. A gutsuri kaɗan a murza a bayan hannu: ya narke sumul, kada a ji yashi ko dusa, kada hanci ya ji tsami ko gafi. Man da ya tsufa kitsensa yakan warware ya riƙa cin fata, don haka a sayi wanda za a ƙarar cikin 'yan watanni, a rufe shi a inuwa, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Idan ya yi tsaki-tsaki bayan ya narke ya sake daskarewa, bai lalace ba, a sake narka shi a sanyaya da sauri.

Duk sabon mai, a fara gwada shi a cikin gwiwar hannu sau biyu a rana na mako guda kafin ya je fuska, musamman riɗi, domin akwai waɗanda jikinsu bai jitu da shi ba. Wadda kuma ta rasa wanda za ta ɗauka tsakanin mayuka biyu, ta shafa ɗaya a ƙwaurin dama ɗaya a na hagu bayan wanka, kullum na mako biyu, ta riƙa dubawa da la'asar wanne ya riga yin fari.